Fenti da laimar Legas: me ya same ku, yaya kuka fita?

Mai gyaran agogo, Agege: Assalamu alaikum ƴan'uwa. Wata uku na yi ina haɗa ƴan ƙananan taragon fasinja na kwaikwayo guda biyu, irin na tsohon jirgin Legas zuwa Kano, kore da ratsin rawaya, a ma'aunin HO, wato 1:87. Tagoginsu da tsinin aska na fitar da su ɗaya bayan ɗaya. Daren Asabar, ana ta sheƙa ruwa tun la'asar, na fesa musu banish na ƙarshe a baranda. Da asuba na duba, koren ya dishe ya yi fari-fari kamar an watsa masa ruwan koko. Wallahi ko karin kumallo ban iya yi ba. Duk wanda laimar garin nan ta taɓa yi wa haka, don Allah ya faɗi abin da ya gani.

Mai fentin mota, Mile 12: Wa alaikumus salam Malam, sannu da wannan rashi. A garejinmu duk damina sai mun gamu da shi. Tinar da ke cikin fentin feshi tana tashi da sauri, sai jikin abin ya yi sanyi, raɓa ta kwanta a kai, fentin ya bushe da ruwan a cikinsa. Farin da ka gani ke nan. Kada ka sa samfefa tukuna. Jira ranar da aka buɗe rana, wajen ƙarfe ɗaya, ka tsoma gwangwanin feshin cikin ruwan ɗumi na ɗan lokaci (ɗumi fa, ba tafasasshe ba, kuma nesa da wuta), ka fesa shafi ɗaya siriri. Sau da yawa sabon shafin yana narkar da na ƙasa, laimar ta fita. Kan jirgin da na yi wa ɗana haka na ceto shi.

Tela, Idi-Araba: Ni da yarona muke yi, kuma feshi ba ma taɓa shi saboda ɗaki ɗaya ne da yara. Burushi muke sawa da fentin da ake sirkawa da ruwa. Namu bai yi fari ba, gininmu ne ya tafi. Da kwalin takalmi muka gina tasha, har da rumfar masu jira da ƴar mai sayar da gurasa da muka yi da ɓawon ashana. Cikin Yuli rufin ya lotsa, bango ya yi funfuna baƙa-baƙa. Yaron nan ya yi kuka har ya ba ni tausayi. Yanzu kwali sai mun shafe shi da banish ciki da waje kafin mu yanka, in mun gama kuma mu rufe a robar ajiye abinci, da ƴan ƙullin nan masu shan laima da ake samu cikin sabuwar jaka.

Ɗalibi, Obalende: Mu da muke kusa da ruwa, tsatsa ce damuwarmu. Tsohon layin dogon da na saya na hannu na ƙarfe ne, mako biyu ya yi ja, jirgi ya riƙa tsayawa yana cizawa duk da wutar lantarkinsa mai bolt 12 na shiga. Na canza zuwa layin nikal, ina goge shi da tsumma da sifirit. Shi ke nan.

Tsohon ma'aikacin jirgi, Ebute Metta: Ɗana mai agogo, Allah ya mayar da alheri. Ni tuni na daina fenti daga Afrilu zuwa Oktoba, sai ɗan tsakanin nan na Agusta in ruwa ya ɗaga. Damina ta yanka ce da manna da gyaran ƙafafu, fenti sai Disamba. Amma abin da ya fi daɗaɗa mini rai shi ne jirgin da ka zaɓa. Mahaifina a cikinsa ya zo tashar Iddo da fataucin goro, layin da ya kai Ibadan a 1901, kafin a sada shi da Kano. Faɗinsa milimita 1,067 ne, ba 1,435 irin na sabon layin Ibadan da aka buɗe a 2021 ba. To in ka raba 1,067 da 87, layi mai milimita 12 ya kamata taragonka su hau, ba mai 16.5 da aka saba a HO ba. Ka zo Jaekel House cikin harabar ma'aikatar jirgi ka ga tsofaffin hotuna. Kuma kada ka damu sai koren ya yi ƙyalli. Taragon da na yi aiki a ciki rana ta cinye rufinsu, ƙasansu kuwa jar ƙurar hanya ce.

Mai fentin mota, Mile 12: Baba, a gafarce ni, hunturu ma da nasa. Ƙura ce ke sauka kan ɗanyen fenti. Ni kwali nake kifawa a kai, da ƙwan fitila mai ɗumi a gefe, ba ya taɓa komai. Matsalar kawai in an ɗauke wuta.

Mai gyaran agogo, Agege: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Jiya Laraba rana ta fito, na bi maganar ɗan'uwa na Mile 12. Tarago ɗaya ya dawo tas, har ratsin rawayar ya fito. Ɗayan akwai sauran dishi-dishi a rufi da gefen ƙofa, kuma bayan maganar Baba na fasa kankare shi, zan ƙara masa jar ƙura a ƙasa da busasshen burushi. Baba, ina ake samun layin milimita 12 a garin nan? In babu, ranar Asabar zan zo Ebute Metta da taragon a aljihun jakata ka gwada mini yadda kake matse ƙafafun.