Shin wakilan manhaja za su iya tsara jadawali ba tare da shugaba ba?

Malam Sadisu:
Assalamu alaikum. Ina nazarin yadda ake raba ayyuka ga injuna a masana'anta, kuma abin da ya ɗaure mini kai shi ne hanyar da ake ba kowane inji da kowane aiki wakilinsa na manhaja, wato ƙaramar manhaja mai yanke shawara a madadinsa, sannan a bar su su sasanta tsakaninsu har jadawali ya fito. Tunda kowane wakili bai san komai ba sai halin da yake ciki da na maƙwabtansa, me zai sa a fifita wannan hanya a kan kwamfuta guda mai ganin komai?

Malama Rukayya:
Wa alaikumus salam, Malam. Kwamfuta gudar ma tana shan wahala. A 1963 masu bincike Fisher da Thompson suka gabatar da matsalar tsara jadawalin ayyuka 10 a kan injuna 10, amma sai a 1989 Carlier da Pinson suka tabbatar da amsarta mafi kyau. Ƙari a kan haka, jadawalin da aka sha wahalar lissafawa yakan ɓaci da zarar inji ɗaya ya tsaya ko aikin gaggawa ya shigo. A nan wakilai suke da amfani, domin waɗanda abin ya shafa ne kaɗai za su sake ciniki, sauran su ci gaba da aikinsu. Tsarin Contract Net da Reid Smith ya wallafa a 1980 haka yake tafiya: mai aiki ya yi shela, injuna su kawo tayinsu gwargwadon lokacin da suke da shi, shi kuma ya ba wanda tayinsa ya fi dacewa.

Injiniya Bashir:
Na yarda da Malama, sai dai cinikin shi kaɗai ba ya isa. Idan kowane wakili ribar kansa yake nema, aikin da ya fara shela zai kwashe lokuta masu kyau, ya bar aiki mai wuyar samun gurbi a rataye. Akwai kuma haɗarin wakilai biyu su yi ta sauya zaɓinsu saboda juna ba tare da sun tsaya ba. Makoto Yokoo da abokan aikinsa sun magance wannan a 1992 ta hanyar jera wakilan bisa fifiko, yadda na ƙasa yake bin zaɓin na sama, in ya rasa mafita kuma ya aika masa da dalili domin ya sauya. Masu binciken cibiyar nazarin kwamfuta ta IRIT da ke Toulouse a Faransa sun bi wata hanyar da ta fi burge ni: kowane wakili yana auna tsananin matsin da yake ciki, ya kwatanta da na maƙwabtansa, ya janye wa wanda ya fi shi takura. A ganina wannan shi ne haɗin kan da ke sa tsari ya ginu da kansa.

Malam Sadisu:
Na gode. To, yaushe ya kamata mutum ya zaɓi wannan hanya?

Malama Rukayya:
Idan bayanan duka suna hannu ɗaya kuma al'amura ba sa yawan sauyawa, kwamfuta guda takan ba da jadawali mafi inganci. Wakilai sun fi dacewa inda ɓangarori da dama suke aiki tare amma kowa yana tsare sirrinsa, kamar kamfanonin sufuri masu raba kaya tsakaninsu. Idan za ka gwada, Malam, ka ƙirga yawan saƙonnin da suke aika wa juna kafin su daidaita, domin a nan tsadar hanyar take ɓuya.