Lasina ya ƙare, shafin sabuntawa kuma ya ce bai san ni ba

Malamin Firamare: Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah a taimaka min da shawara, kwana uku ke nan barcina rabi da rabi. Ina koyarwa a Daura. Motar da nake ja ta marigayi Baba ce, tsohuwar Golf. Da aka zo rabon gado yayyena suka ce a bar ta a hannuna tunda ni ke zaune da Hajiya, su duk suna Kano da Kaduna, ko kuɗin taya ɗaya ba wanda ya taɓa turowa, amma ba wannan ya kawo ni ba. Duk wata nake kai ta Katsina ganin likitan ciwon suga. Muna fita da an sallame asuba, mu bi ta Mashi don mu samu layi da wuri. Motar haya ba ta yi mata, ƙafarta kumbura take idan aka matse ta. Satin da ya wuce a hanyar dawowa aka tsayar da mu, na miƙa lasin, jami'in ya ɗora yatsa a kan kwanan watan ya ce ya daɗe da ƙarewa. Wallahi ban lura ba. Ganin tsohuwa a baya ya sa ya ce in tafi in sabunta. Wani abokin aikina ya ce yanzu ta waya ake yi. Na shiga shafin, na sa lambar lasin da ranar haihuwata, ya ce babu bayanina. Na gwada ya fi sau goma. Ranar 14 ga wata za mu koma asibiti. Wai su wa ake yarda su sabunta ta intanet? Ko don nawa ya riga ya ƙare ne?

Maman 'Yan Biyu: Allah Ya ba Hajiya lafiya, Ya saka maka da alheri.

Tsohon Direba: Wa alaikumus salam. Malam, tambaya ɗaya zan maka, ka ba ni amsa tsakani da Allah. Ran da aka yi maka lasin nan, ka je da ƙafarka ka zauna gaban kwamfuta, aka ɗauki hotonka, ka dangwala yatsu, ka sa hannu? Shekarata 31 a kan sitiyari tsakanin Katsina, Kano da Jibiya. Cutar nan na san ta tun kafin majinyaci ya gama bayani.

Mai Kafe a Ƙofar Ƙaura: Ƙarewa ba ta hana sabuntawa, kullum ina cika wa mutane wanda ya ƙare. Abin da shafin yake nema shi ne lasinka ya kasance a rumbun bayanan FRSC, hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa. Idan yana ciki, kana sa lamba da ranar haihuwa bayaninka zai fito, ka sa NIN, ka zaɓi na shekara 3 ko 5, ka biya. Duba ranar haihuwar da ke jikin katin, ita za ka sa, ko da ba ita ce ta gaskiya ba. Sannan a lambar mutane na yawan rikita sifiri da harafin O.

Malamin Firamare: Na duba, daidai na sa. Baba Direba, a 2020 aka yi shi, lokacin da aka kulle Daura saboda korona. Ina mutum zai je a lokacin? Ƙanin maiɗakina ne ya karɓi fasfo biyu da dubu 25, yana da mutane. Bayan sati uku ya kawo min katin, da hotona da komai, har da ɗan ƙyalƙyalin nan. Shekara biyar ina nuna shi a hanya ba wanda ya taɓa cewa uffan.

Tsohon Direba: Shi ke nan, magana ta ƙare. Jabu ne. Sabon lasin ba ya fitowa sai da takardar makarantar koyon tuƙi, sai VIO, jami'an duba motoci, sun gwada ka, sai ka je kafcin da kanka, wato ɗaukar hoto da yatsu. Tun 2011 da aka fito da wannan tsarin haka yake. Yatsunka ba su taɓa na'urar ba, to bayanin wa kake so kwamfuta ta ba ka? Kuma na shekara biyar a wancan lokacin dubu 10 ne da 'yan kai. Ka tambayi surukin naka inda sauran suka kwana. Ku bar zancen intanet ɗin nan ma, lasin ba a yin sa daga kan katifa, dole mutum ya je.

Mai Kafe a Ƙofar Ƙaura: Baba, a nan na saɓa da kai. Mai sabuntawa wanda yatsunsa ke ciki yana da zaɓin tsallake kafcin, a yi amfani da tsohon hotonsa. Katin ne zai je ya karɓa a cibiyar da ya zaɓa.

Tsohon Direba: Yaro, kai cika fom ka sani, ni hanya na sani. Ka ce da bakinka sai ya je karɓa. To ya je ko bai je ba?

Ɗan Kasuwar Mai'adua: Ni abin da ya dame ni kuɗin ne. Tun watan Yunin 2025 na mota ya koma dubu 15 na shekara uku, dubu 21 na shekara biyar. Ga mai, ga kayan gyara. Jiya bakanike ya karɓi kuɗin famfon mai ya sa min na gwanjo, ko Sandamu ban kai ba ta mutu. Mutum ya yi da wanne?

Maman 'Yan Biyu: Ni ma wani ejan ya taɓa cin kuɗina. Wata huɗu yana ce min "Hajiya gobe", daga baya layin ya daina shiga. Da na je da kaina aka ba ni na wucin gadi mai kwana 60, yarinyata ta haɗa shi da wanki a aljihun jaka. Sai da na shanya shi a kan murfin tukunya na bi da dutsen guga. Malam, ka je da kanka kawai, ka tafi da katin NIN ɗinka.

Malamin Firamare: Na gode, amma gaskiya kalmar jabu ta yi nauyi. Yaron nan a gabana ya tashi, ba zai cuce ni ba. Wataƙila lokacin kullen ba a shigar da bayanan mutane da yawa ba. Ko netwok ne, a unguwarmu sai ka hau dakali kake samu.

Mai Kafe a Ƙofar Ƙaura: Da netwok ne shafin ba zai buɗe ba sam. Wannan ya buɗe, ya duba, ya ba ka amsa. Ba lallai shi yaron ya sani ba, ƙila shi ma wani ya miƙa wa. Ka kai katin cibiyar lasin su duba lambar, minti biyu ne.

Ɗan Kasuwar Mai'adua: Ya kai musu jabu da hannunsa? Kaza ta kai kanta gidan biki ke nan. Ni dai da ni ne, aljihu zan sa shi in nemi sabo shiru.

Tsohon Direba: Wannan ya fi kusa da hankali. Ka manta da sabuntawa, ba ka da abin sabuntawa. Makarantar tuƙi za ka shiga kamar sabon shiga, kuma ba za ka gama kafin 14 ga wata ba. Ka nemi mai lasin na gaske ya ja ku ranar. Tarar tuƙi ba lasin dubu 10 ce, wannan ma idan a nan abin ya tsaya.

Malamin Firamare: Ni da na fi shekara goma ina tuƙi in koma makarantar koyo, ɗalibaina suna ganina da jan L a bayan mota? Kuma Hajiya ba ta yarda da tuƙin kowa sai nawa. Na kira yaron, ya ce yana Abuja, in turo masa hoton katin da dubu 30 zai sa a gyara daga can. Ban tura ba tukuna. Maiɗakina dai ta ce in ba shi dama.

Tsohon Direba: Inna lillahi.

Maman 'Yan Biyu: Malam, don girman Allah kada ka tura.

Malamin Firamare: Ina ji. Amma akwai wanda ya san ko shafin ya fi aiki da daddare? Zan sake gwadawa bayan isha'i.