Ƙanena malamin jinya ne a soja: me ke kare shi a fagen daga?

Yayar Soja, Birni:
Assalamu alaikum. Ƙanena malamin jinya ne a cikin soja, kuma wata bakwai ke nan da aka ɗauke shi daga nan Damagaram aka kai shi yankin Diffa. Mun ɗauka aikinsa a bayan daga yake, sai da ya zo hutu ya gaya mana cewa idan aka harbi soja, shi ne yake rarrafawa ya iske shi alhali ana ruwan harsasai. Tun ranar Inna ba ta sake barcin kirki ba. Ina roƙon masu sani su bayyana mini abin da yake yi a wannan hali, da kuma ko akwai dokar da ta hana a harbe shi.

Tsohon Saje, Zango:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Gaskiya ya faɗa muku. Wanda harsashi ya tsinka wa babbar jijiya a cinya, jininsa na iya tsiyayewa cikin 'yan mintoci, tun ba a kai ga maganar mota ba, balle asibiti. Saboda haka muddin ana ɓarin wuta, abu biyu kawai aka koya masa: ya ɗaure ƙafar ko hannun tamau daga saman raunin da ɗaurin da muke kira garo, sa'an nan ya ja mutumin zuwa mafaka. Duba numfashi, rufe rauni da rubuta lokacin da aka yi ɗaurin, duk sai an samu inda aka fake. Abin da ya fi girgiza ni shi ne, kowa yana kwance yana neman abin da zai kare kansa, shi kuwa hannuwansa biyu suna kan jikin wani, idonsa na kan rauni, ba ya ko duban inda harbin yake fitowa. Na ga haka da idona, kuma har gobe ina yi wa malamin jinyar da na gani addu'a.

Malamin Tarihi, Sabon Gari:
Hajiya, dokar tana nan. Asalinta yaƙin Solferino ne a Italiya, a 1859, inda wani ɗan ƙasar Switzerland mai suna Henry Dunant ya ga dubban masu rauni yashe ba mai kula da su, abin da ya kai ga yarjejeniyar Janeba ta 1864, wadda aka faɗaɗa a 1949. Ta haramta kai wa ma'aikatan jinya hari da gangan, ta yarda su riƙe ƙaramin makami don kare kansu da majinyatansu, ta kuma wajabta musu jinyar abokin gaba kamar nasu. Sai dai ba zan ɓoye miki ba, masu ɗauke da makaman da suka afka wa garin Bosso da ke yankin Diffa a watan Yunin 2016 ba su san da zaman wata yarjejeniya ba.

Malama, Garin Malam:
Yaya, ki gaya wa Inna cewa ɗanta ya gaji aikin Rufaida al-Aslamiyya, wadda a tantinta aka yi jinyar Sa'adu ɗan Mu'azu bayan kibiya ta same shi a Yaƙin Khandak. Allah ya tsare shi, ya dawo muku da shi lafiya.

Yayar Soja, Birni:
Amin, na gode muku. Baba Saje, daren nan zan karanta wa Inna bayaninka, domin ta daɗe tana tambayata amfanin igiyar nan da ta gani maƙale a rigarsa.