Neman kalmar Hausa: me za mu kira "kernel"?

Malamin kwamfuta, Katsina: Assalamu alaikum. Ranar Litinin zan koya wa ɗalibaina yadda ake ceto kwamfuta mai babbar manhajar Linux idan an sake harhaɗa kernel ɗinta, wato ɓangaren tsakiya na manhajar, sannan ta ƙi tashi. Aikin ba shi da wuya: a riƙe Shift ko a danna Esc lokacin kunnawa, jerin GRUB (manhajar da ke tayar da kwamfutar) ya bayyana, a zaɓi tsohon kernel, sannan a rubuta umarnin uname -r domin tabbatar da wanda ke aiki. Sunan kernel ɗin nake nema, da sunan aikin kansa.

Malamar Hausa, Katsina: Wa alaikumus salam, Malam. Asalin ma'anar kalmar ita ce ƙwaya, kamar ƙwayar gyaɗa a cikin ɓawonta, saboda haka ina ganin "ƙwayar babbar manhaja".

Mai gyaran kwamfuta: Malama, duk wanda ya ji ƙwaya a kwamfuta, ƙwayar cuta zai ɗauka. Mu a shago "kanal" muke cewa.

Dattijo, Daura: Kanal kuma? Wannan ai ya yi kama da muƙamin soja. Ina baƙin cikin yadda muke gaggawar aro alhali muna da "jigo". Kernel ɗin Linux da Linus Torvalds ya fitar a 1991 shi ne ke raba wa kowace manhaja ma'adana da lokacin aiki, kuma idan ya faɗi komai ya faɗi. Wannan shi ne jigo, kuma a Daura ba sai an yi wa kowa bayaninsa ba.

Malamar Hausa: Ranka ya daɗe, jigo ba na Daura kaɗai ba ne, kuma ɗaliban da suka karanta adabi jigon waƙa za su fara tunawa.

Dattijo: Ko a waƙar ma, ai shi ne abin da aka gina komai a kansa.

Malamin kwamfuta: Baba, na karɓi jigo. Saura aikin, na rubuta "maido da tsohon jigo".

Mai gyaran kwamfuta: A nan ina da gyara, Malam. Abin da ya tafi ake maidowa, shi kuwa tsohon yana nan cikin foldar /boot muddin ba a goge shi ba. Ka ce "komawa kan tsohon jigo", domin ɗalibi ya gane tun daga kalmar cewa ba a share tsoho sai sabo ya tashi lafiya.

Malamar Hausa: "Komawa" ta yi daidai. Jigo dai ban gamsu ba, amma a gwada shi ranar Litinin, ka faɗa mana abin da ɗaliban suka fahimta.