Malamarmu ta aikin jinya ta rasu: me ya kamata ɗalibanta mu yi?

'Yar Unguwar Sanusi:

Assalamu alaikum. Shawara nake nema, musamman daga manyanmu a aikin jinya.

Malamar da ta koya mana aiki ta rasu nan Kaduna, har an yi sadakar bakwai. Ba zan ambaci sunanta ba tunda ban nemi izinin iyalanta ba, amma duk wanda ya bi ta hannunta zai gane ta. Mama Tuta muke ce mata. Bazazzagiya ce. Ta shiga aikin nas tun lokacin da ake yi da uban da ya bar 'yarsa ta kwana asibiti da gajeriyar riga. Ta yi nas, ta yi ungozoma, ta daɗe a ɗakunan marasa lafiya kafin ta koma koyarwa.

Ba ta da daɗin sha'ani a aji, gaskiya. Muna PTS, wata shidan farkon nan da ake tankaɗe da rairaya kafin a ɗora wa mutum hula, kowa tsoron ta yake ji. Idan kana aikin dare sai kawai ka gan ta ƙarfe biyu da tocila, alhali ba ranar aikinta ba ce. Ba ta fara duba takarda. Hannu take zurawa ƙarƙashin bayan tsohon da ba ya iya motsi, ta ji ko zanen gadon a jiƙe yake, sannan ta tambayi yaushe aka juya shi. In ya wuce awa biyu, ranar kin shiga uku. A wajenta gyambon kwanciya abin kunyar nas ne, bai shafi likita ba. Bugun jini kuwa sai ka ƙirga minti guda cur da agogonka, ba ka ƙirga na daƙiƙa 15 ka ninka ba. Abin da ta fi tsana shi ne a ce "gado na huɗu yana kira". Sai ta ce gado ba ya magana, wane ne a kai?

To mun haɗa ɗan kuɗi a zaurenmu na WhatsApp, ra'ayi kuma ya rabu. Wasu sun ce a buga kalanda da hotonta a yi taro, wasu sun ce a miƙa wa iyalanta kuɗin kawai. Ni duka biyun ba su kwanta mini ba. Me kuke gani?

Sista Mai Ritaya, Barnawa:

Wa alaikumus salam 'yata. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Tun daga zancen tocilar na gane ta. Mun yi aiki tare a ɗakin haihuwa kafin ta koma makaranta. Allah Ya jiƙan ta, Ya sa aikin da ta yi ya bi ta.

Ku a tsoronta kuka san ta, bari in ba ki ɗaya ɓangaren. Wani dare aka kawo mana yarinya daga ƙauye, cikin fari, tana jijjiga, jininta ya hau sosai. Dangin sun riga sun yi hayaƙi sun gaji, a tunaninsu iska ce. Ni na yi kan allura, ita kuwa ta kwantar da yarinyar a gefen hagu, ta share mata baki, ta sa ɗalibar da ke tare da mu ta zauna bakin gadon. Aka yi wa yarinyar allurar magnesium sulphate, maganin jijjigar masu ciki. Kin san ƙa'idarsa: kafin a ƙara wani sai an ƙwanƙwasa gwiwa an ga tana harbawa, an ƙirga numfashi, an auna fitsari a ga bai gaza mil 30 a awa ba. Ba ta yi ko ɗaya da kanta ba. Ɗalibar ta sa, ita tana tsaye a bayanta har gari ya waye. Da aka samu lafawa sai ta fita baranda ta zauna a tabarma da uwar mijin, ta yi mata bayani da Hausar da tsohuwa za ta gane, cewa kumburin ƙafa da fuska da ciwon kai da ganin dishi-dishi ga mai ciki ba na zama a gida ba ne. Ba ta ce da ita jahila ba, ba ta hana ta addu'a ba. Daga baya tsohuwar nan da kanta take rako matan gidansu awo.

Batun kuɗinku, ku manta da kalanda. Shekara na ƙarewa za a naɗe ƙosai da ita. Abin da ba ku sani ba, ta sha biya wa ɗalibai kuɗin jarrabawar Kansul, wato hukumar da ke ba nas lasisin aiki, daga albashinta, ta ce kada a faɗa. Ku je wajen shugabar makarantar ku nemi yaran ajin ƙarshe da kuɗin rajista ya gagara, ku biya musu da niyyar ladan ya kai gare ta. Amma ku fara zuwa gidanta tukuna. Ku tambayi babbar 'yarta a keɓe ko akwai bashi, ko haƙƙinta na fansho da bai fito ba. Wannan shi ne gaba da komai.

Malamin Tarihi, Kawo:

Allah Ya gafarta mata. Ni ba ma'aikacin lafiya ba ne, matata ce nas. Na yarda da Hajiya Sista Mai Ritaya, sai dai ina da ƙari: ku rubuta tarihinta tun waɗanda suka san ta suna raye.

Dubi manyan asibitocinmu. Barau Dikko da aka sa wa na Kaduna sunansa likita ne, na farko daga Arewa. Hajiya Gambo Sawaba da aka sa wa na Zariya sunanta 'yar gwagwarmayar siyasa ce. Duk sun cancanta. Amma ki tare ɗalibar jinya ki ce ta kawo sunan nas ɗaya a tarihi, Florence Nightingale za ta ce miki, saboda ita aka rubuta: jinyar sojoji da ta yi a yaƙin Kirimiya a 1854, makarantar da ta buɗe a asibitin St Thomas na Landan a 1860, ga ranar haihuwarta, 12 ga Mayu, ta zama ranar ma'aikatan jinya ta duniya.

Alhali muna da Kofoworola Abeni Pratt, 'yar Legas. Malamar makaranta ce kafin ta shiga waccan makarantar ta Nightingale a 1946, ta gama a 1950. Da ta dawo gida a 1954 sai da aka ja mata rai kafin a ba ta muƙamin sista, don Turawa ake ba wa. Ita ce 'yar ƙasa ta farko da ta zama matiron, wato shugabar nas-nas, a asibitin koyarwa na Ibadan a 1964, daga nan ta zama shugabar ma'aikatan jinya ta tarayya, ta riƙe kwamishinar lafiya ta Legas daga 1973 zuwa 1975. Ta rasu a 1992. Mun san wannan ne don wasu sun zauna sun rubuta. Matan Arewa da suka fara sa farar riga, irin malamarku, labarinsu a bakin tsofaffin abokan aikinsu kawai yake. Waya ta isa: ku naɗi muryar Hajiya Sista da ire-irenta, a buga ko shafi ashirin ne a ajiye a laburaren makarantar.

Nas a Ingila:

Yanzu nake jin rasuwar, jikina duk ya mutu. Anti, ki sa ni a zauren don Allah, zan turo nawa. Ina bayan biyan kuɗin jarrabawa, amma da sharaɗi: a ba wa waɗanda za su zauna su yi aiki a gida. Na san bakina bai kamata ya faɗi haka ba tunda ni na tafi. Lokacin da na je yi mata sallama ba ta hana ni ba, ta dai tambaye ni wa zai karɓi ɗakin da na bari. Har yau tambayar na damuna.

'Yar Unguwar Sanusi:

Na gode ƙwarai. Mama Sista, ranar Asabar in sha Allahu za mu je gidan, kuma zan bi shawararki a kan 'yarta. Malam, naɗar murya ta karɓu, in Mama Sista ta amince, da ita za mu fara.

Ƙanwata ta Ingila, sharaɗin nan naki ne ban yarda da shi ba. Yarinyar da ba ta da kuɗin rajista yau, ba za mu ɗaure ta da alkawarin da mu kanmu ba mu ɗauka ba. Zan dai kai maganar zaure a ƙuri'anta. Turo mini lambarki ta akwatin sirri.