Gyambon baki da ya ƙi warkewa: shawarwarin da suka fito daga zaman majinyata

A zaman da muka yi da masu fama da ciwon daji na baki da 'yan uwansu, maganar da ta fi maimaituwa ita ce jinkiri. Gyambo a harshe ko cikin kunci da ya wuce mako 3 bai warke ba, ko farin tabo da ba ya gogewa, a kai wa likitan haƙori, a daina shafa zuma ana jira. Masu cusa garin taba a leɓe su fi kowa kula.

Inda aka daɗe ana ja-in-ja shi ne faɗa wa majinyaci gaskiya. Wani dattijo ya ce da aka ɗebi 'yar tsoka aka kai gwaji, 'ya'yansa aka gaya wa sakamakon, shi kuwa aka ce masa "ƙurji ne kawai, Baba". Sai ranar da aka shigar da shi ɗakin gashi, wato inda ake ƙona ciwon daji da hasken na'ura, ya gane. Yawancinmu mun tsaya a kan cewa jikinsa ne: likita ya tambaye shi iya abin da yake son sani, da wanda yake so ya zauna kusa da shi, kafin ya sa hannu a takardar amincewa. Ni ma nan na karkata, ko da yake na san tausayi ne ya sa yaran suka ɓoye.

Kafin a fara gashi a duba haƙora, a cire ruɓaɓɓu, domin cirewa daga baya na iya hana ƙashin muƙamuƙi warkewa. Yawu yakan ƙafe, sai a riƙa kurɓar ruwa akai-akai, a sha kunu mai ɗumi-ɗumi, a bar yaji tukuna.