The Curious Expedition: yabon da masu sharhi ke masa ya kai kuwa?

Ɗan Rikkos:
Salamu alaikum jama'a. Sati uku ke nan ina buga wasan The Curious Expedition a tsohuwar kwamfutata, da daddare in an kawo wuta. Ga wanda bai san shi ba, wani ƙaramin kamfani ne a Jamus, Maschinen-Mensch, ya fitar da shi a 2016. Za ka zaɓi Darwin ko Marie Curie ko Tesla, ka yi tafiya shida kana neman wani ginin zinariya mai siffar dala a ƙasar da ba ka sani ba. Kowane karo sabuwar taswira, in ka mutu kuma shi ke nan, sai ka sake daga farko.

Masu sharhi sun yaba shi saboda labaran da ke tasowa da kansu a hanya, wasu kuma sun ce da an jima sai ya fara maimaita kansa. Ni nawa daban ne. Shekaranjiya na shiga wurin bautar wasu 'yan ƙauye na ɗauke gunkinsu, na kai Landan na miƙa wa gidan tarihi, aka ƙara min suna. Ina cikin murna sai na tuna kawunan Nok, tsoffin sassaƙen yumɓun nan da ke gidan tarihinmu na Jos, da 'yan uwansu da aka haƙe aka yi waje da su. Wallahi jikina ya yi sanyi. Shin wasan ba'a yake wa Turawan nan, ko kirari?

Mai Gyaran Waya, Terminus:
Wa alaikumus salam. Haba malam, ba ka ga abin da ke biyo bayan satar ba? Ni da na ɗauki nawa, ƙasar ce ta yi aman wuta, 'yan ƙauyen suka juya min baya. Cakulan ta ƙare, hankalin ayarin ya gushe, har ɗaya ya cinye ɗan uwansa. Wannan ne kirari? Inda na yarda da masu suka shi ne faɗan, komai sai an jefa ɗan lido, ka shirya tsaf sa'a ta kwance maka zani a kasuwa.

Malamar Tarihi:
Ƙanena, tambayarka ta fi ta masu sharhin. Gaskiya ne wasan yana hukunta ɓarawo, amma in ya tsira da kayan, wa ake tafa wa? An sa Harriet Tubman da Marcus Garvey, masu fafutukar 'yancin baƙar fata, cikin waɗanda ake zaɓa, madalla, sai dai su ma Landan suke komawa da ganima. Barth, Bajamushen nan mai yawon bincike, ya shigo Kano a 1851 da sunan Abdulkarim, ya tarar da birni mai ganuwa da kasuwa da marina, ba wani daji da ke jiran a gano shi ba. Kayan Benin da aka kwashe a 1897 kuwa, sai Disamban 2022 Jamus ta kawo wasu Abuja.

Ɗan Rikkos:
Na gode Malama. Daren jiya na gwada tafiya ba sata, ciniki kawai da 'yan ƙauye. Na dawo lafiya da jakina, amma na huɗu na zo a jerin suna tsakanin abokan gasata a wasan. Mai Gyara, kashi na biyun wasan da ya fito a 2021 zai tashi a irin kwamfutata? In zan shigo Terminus ranar Asabar sai in riƙo ta ka duba.